Kafin ka saya wa karenka abin wuya mai shokin, ka fara buɗe kamarar wayarka

Na san wasu za su ga kan wannan rubutu su ce yau kuma me ya kawo kare shafin wayoyi da kwamfuta. A yi haƙuri a biyo ni, maganar na'ura ce. Kwanan nan tallan kayan karnuka ya fara yawa a Facebook da TikTok da kantunan intanet: abin wuya mai shokin da ake sarrafawa da rimot, da 'yar na'ura kamar tocila mai fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, da manhajojin da ke cewa za su fassara maka haushin kare. Ra'ayina shi ne, idan matsalarka kare ne da ke haukacewa da zarar ya hango wani kare a hanya, yawancin waɗannan kaya asarar kuɗi ne, ɗaya daga cikinsu kuma haɗari ne. Na faɗi haka ne don na saya, na gwada, kuma ƙanena ne ya biya kuɗin gwajin da hannunsa.

Gidanmu yana Kurfi, ni kuma ina zaune a Dutsin-Ma ina aikin rubuta manhaja. Duk wanda ke wannan yanki, daga Kurfi zuwa Safana da Batsari, ya san dalilin da ya sa gidajen da ba su taɓa ajiye kare ba yanzu suke da shi. Mu ma bayan an kwance mana awaki biyu a dare ɗaya Kawu ya kawo kwikwiyo baƙi, aka sa masa suna Duna. Aka ɗaure shi a gindin bedin bayan gida, wato darbejiya a bakin mutanen Kano, kuma a nan ya girma. Bai san kowane kare ba, bai san hanya ba, abin da ya sani daga waje shi ne dutsen da yara ke jefowa ta saman katanga. Ranar farko da ƙanena ya fita da shi, yana da kamar wata bakwai, suka ci karo da karnukan 'yan farauta suna dawowa daga daji. Suka yi masa taron dangi, suka yaga masa kunne. Tun daga ranar, ko daga nesa ya hango kare sai ya miƙe da ƙafafun baya, yana haushi yana fizgar igiya har ya shaƙe kansa.

Ni ne ɗan bokon na'ura a gidan, don haka ni aka tambaya. Na shiga intanet na yi odar abin wuya mai shokin daga wani kanti, da kuɗin da zai ishe ni data ta wata da watanni. Gaskiya a kwana uku ya yi abin da aka yi talla. Duna ya hango kare, ya fara gurnani, a danna, ya yi shiru. Kawu har da sa mini albarka. Mako biyu bayan haka karen maƙwabta ya ɓullo ta lungu. Duna bai yi gurnani ba, bai yi haushi ba, kawai zabura ya yi. Ƙanena ya kai hannu zai riƙe wuyansa, ya juyo ya kafa masa haƙori a tsintsiyar hannu. Karen da bai taɓa cizon kowa a gidan ba. Ba a taɓa yi masa allurar rigakafi ba, don haka sai asibiti, sai allurai, sai kwana goma ana tsare da shi ana kallon ko zai canza. Kawu ya ce a kashe shi. Da ƙyar na roƙi wata biyu.

A cikin waɗannan kwanaki goma na gane abin da na yi, kuma da harshen sana'ata na gane shi. Duk wanda ya koyi rubuta manhaja da kansa ya taɓa yin wannan wauta: manhajarka tana ta fitar da jan saƙon kuskure, ka rasa dalili, sai ka rubuta layi biyu da za su haɗiye saƙon. Allo ya yi tsaf, ka ji daɗi. Amma matsalar tana nan a ciki tana cin bayananka, kuma ranar da za ta fashe ba za ka sami gargaɗi ba, domin kai da hannunka ka kashe mai gargaɗin. Gurnanin kare saƙon kuskure ne. Yana cewa ina jin tsoro, a ba ni wuri. Abin wuyan bai cire tsoron ba, gurnanin ya cire. Ya kuma ƙara masa wani darasi da ban yi niyya ba: duk lokacin da kare ya bayyana, wuta tana cin wuyana. To yaya zai so ganin kare?

Wannan ba hasashena kaɗai ba ne. A 2014 masu bincike a Jami'ar Lincoln da ke Ingila sun wallafa sakamakon wani gwaji da karnuka 63. An raba su gida uku, wasu ƙwararrun masu horo suka horar da su da abin wuya mai shokin, wasu kuma aka horar da su ba tare da shi ba. Shokin bai fi ba da sakamako ba, sai dai karnukan da aka yi wa shi sun fi nuna alamun takura. Ka lura, waɗannan ƙwararru ne da suka san daƙiƙar da za su danna. Ni da ƙanena fa? Yankin Wales na Birtaniya ya haramta wannan na'ura tun 2010. Mu kuma nan ana aiko mana da ita har ƙofar gida, da takardar bayani mai shafi ɗaya da Turancin da ko injin fassara zai ji kunyarsa.

Sauran kayan ba su kai wannan haɗari ba, amma bari in bi ta kansu da sauri. Manhajojin usur ɗin kare da ke Play Store suna dogaro da gaskiya guda: mutum yana jin sauti har zuwa girgiza 20,000 a daƙiƙa, kare kuma yana wuce 40,000. Abin da ba sa faɗa maka shi ne yawancin wayoyi suna sarrafa sauti da samfuri 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, kuma a ƙa'idar lissafi ba za ka fitar da sautin da ya wuce rabin wannan adadi ba. Lasifikar wayar ma tun kafin nan ta gaji. Ko da ka sayi na'urar ta musamman wadda ke fitar da ƙarar da gaske, me ka yi? Ka ƙara wa kare mai tsoro wani abu mai ban haushi a daidai lokacin da yake ganin abin tsoronsa. Shokin ne ta kunne. Masu fassara haushi kuwa tsohon wasa ne. Kamfanin Takara na Japan ya fito da BowLingual tun 2002, kuma a shekarar aka ba masu shi kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke sa mutane dariya. Yanzu an dawo da shi an maƙala masa sunan ƙirƙirarriyar basira, an cika shi da talla.

Na'urar bin sawu daban ce, tana da amfaninta, amma ba ta kwantar da hankalin kare, tana gaya maka inda ya gudu ne kawai. Ita ma a duba inda muke. AirTag da Apple ya fitar a 2021 ba shi da GPS, yana jiran wata iPhone ta wuce kusa ne ta kai rahotonsa. A tsakanin Kurfi da gonakinta, inda Tecno da Infinix da itel ke mulki, zai daɗe yana jira. Masu GPS na gaske kuma suna buƙatar layin waya da sabis da caji. Mu da muka zauna a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da Dutsin-Ma da Kurfi, mun san abin da ke dogaro da sabis bai kamata a jingina masa rai ba.

Abin da ya yi aiki shi ne abin da nake yi kullum idan manhaja ta ƙi: ka daina zato, ka tattara bayanai. Na ce wa ƙanena ya riƙe igiya, ni in bi su a baya ina ɗaukar bidiyo. Da daddare muka zauna muka kalla a hankali, muna tsayarwa muna komawa baya. Abin ya ba ni mamaki. Mu muna cewa Duna yana tashi ne kwatsam, ashe kafin haushin farko akwai jerin alamu da idonmu bai taɓa kamawa ba. Da farko zai rufe bakinsa, alhali da yana haki. Sai kunnen ya miƙe, jikin ya sandare, wutsiya ta tsaya cak. Wani lokaci ya lashi hanci ko ya yi hamma ba don barci ba. Sai gashin bayansa ya tashi. Duk wannan yana ɗaukar daƙiƙa uku zuwa biyar. Bidiyon ya kuma tona asirin ƙanena: da zarar shi ya hango kare, tun kafin Duna ya gani, sai ya naɗe igiyar a hannu ya ja ta tamau. Wato shi ne ke fara aika saƙon cewa ga bala'i nan.

Sai muka fara awo. Na buɗe jadawali a Google Sheets mai gida biyar: rana, wuri, nisa, wane irin kare, me ya faru. Nisan da taku muke ƙirgawa, wani lokaci da falwaya. Cikin mako guda muka ga abin da ake nema. Idan karen yana nesa da kamar taku sittin, Duna zai kalle shi amma zai iya juyowa idan an kira sunansa, kuma zai karɓi abinci. Ƙasa da taku arba'in, ko nama ka sa masa a hanci ba zai gani ba. Wannan iyaka ita ce komai. Karen da ya ƙi cin abin da yake so ya riga ya wuce inda zai koyi wani abu, magana da shi a lokacin kamar danna maɓalli ne a wayar da ta daskare.

Daga nan aikin ba shi da wani sirri, tsohon ilimi ne tun zamanin Pavlov, Barashen nan da ya nuna cewa kare yana haɗa alama da abin da ke biyo bayanta. Mu tsaya a inda Duna ke iya jurewa. Ya hango kare, nan take a ba shi ɗan nama. Karen ya ɓace, nama ya tsaya. Tsarin yana da muhimmanci ƙwarai: kare ya fara bayyana, sannan nama ya biyo. Idan ka riga fito da naman kafin ya ga karen, zai koyi cewa nama alamar masifa ce, kamar yaron da aka ba alewa a ƙofar ɗakin allura. Bayan kwanaki sai ga abin da muke jira: ya hango kare, maimakon ya sandare sai ya waiwayo ya kalli hannun ƙanena. Ranar da hakan ta faru sau da yawa a jere, sai mu rage taku biyar. Ranar da ya fashe da haushi, ba duka ba tsawa, mu juya mu ƙara nisa, in rubuta a jadawali cewa mun yi gaggawa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Kada ka rage nisa kuma ka canza hanya kuma ka canza mai riƙe igiya a rana guda, domin idan abu ya lalace ba za ka san wanne ya jawo ba. Duk mai gyaran manhaja ya san wannan.

Ƙananan abubuwa da suka taimaka: mun cire sarƙar wuya muka sa masa ɗamara mai kama ƙirji da kafaɗa, wadda wani mai ɗinkin jaka ya haɗa mana da igiyar jakar makaranta bayan na nuna masa hoto a waya. Igiya mai ɗan tsawo, a sake, ba tamau ba. Naman kuma dafaffiyar hanta ce ko busasshen kifi, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada a ba shi tsire ko kilishi, akwai yaji, kuma albasa da tafarnuwa guba ne ga kare. Muna fita bayan asuba, lokacin hanya ba cunkoso kuma ƙasa ba ta yi zafi ba, ba ma kuma nisa da gari, saboda dalilin da kowa ya sani. Idan kare ya tunkaro babu hanyar kaucewa, mu shiga bayan mota ko katanga ko tarin kara mu tare masa gani. Idan dole a gifta, a yi baka, kada a tunkari juna gaba da gaba, domin a wurin karnuka wannan neman faɗa ne. Jadawalin ya kuma nuna mana cewa ranar da ta biyo bayan mummunar haɗuwa, iyakarsa tana komawa baya sosai. Tsoro yana taruwa. Don haka bayan irin wannan rana sai mu bar shi ya huta a gida.

Babbar matsalar ita ce karnukan garinmu ba a igiya suke ba, ba ka da ikon cewa su tsaya a taku sittin. A bidiyoyin Turawa za ka ga an kawo wani kare mai ladabi an tsayar da shi a wuri ɗaya. Mu sai muka nemi wani dattijo mafarauci mai tsohuwar karya da ba ta kula kowa. Ya yarda yana zama da ita a bakin fili da safe, mu kuma muna zagayawa daga nesa. Ya yi ta yi mana dariya, yana cewa yaran zamani har kare sai an yi masa rajista a waya. Amma shi ne ya gaya mini cewa su ba sa fita da kwikwiyo daji sai ya tashi cikin manyan karnuka tun yana ƙarami. Abin da littattafan Turawa ke faɗa ke nan: daga mako 3 zuwa kamar 12 na rayuwar kwikwiyo shi ne lokacin da yake koyon abin da ba abin tsoro ba ne, kamar yadda Scott da Fuller suka nuna a littafinsu na 1965 bayan dogon bincike a Amurka. Duna ya yi waɗannan makonni a gindin bedi shi kaɗai. Mafarauta sun san wannan ba tare da sun karanta kowa ba, mu ne masu sabon ajiye kare don gadi ba mu sani ba.

Na san abin da za a ce, domin Kawu ya faɗa mini a fuska: kare don gadi aka kawo shi, idan ka kwantar masa da hankali wa zai yi haushi? Amsata ita ce, ka taɓa zama kusa da motar da ƙararrawarta ke tashi duk lokacin da babur ya wuce? Bayan mako guda ba mai leƙowa. Karen da ke haushi a kan akuya da leda da kowane kare ya zama haka, ranar da ɓarawo zai zo kowa zai gyara kwanciya. Tsoro ba jarumta ba ne. Kare mai natsuwa shi ne ke bambance baƙon da ya zo da rana da mai haurowa da dare, kuma tun da Duna ya rage haushin banza, idan ya yi da dare mutanen gida suna tashi.

Wani abokina kuma ya ce, mutane suna fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, kai kana lissafin hankalin kare. Na ji wannan, kuma ban ce a fifita kare a kan mutum ba. Don mutum nake maganar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar haukan kare tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kaso mai yawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen da ke cikin firgici shi ne mai cizo, kuma hannun da ya fi kusa da bakinsa na yaron gida ne ko almajirin da ya zo wucewa. Idan muka shigo da karnuka unguwanni saboda tsaro, nauyinsu ya hau kanmu. Addini ma da ya halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gona bai ba mu lasisin azabtar da shi ba.

Don haka kuɗin da za ka kashe a kan abin wuya, kai shi wurin likitan dabbobi a yi wa karen allurar rigakafi, a kuma riƙa sabuntawa. A nan gida Najeriya ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Ka sa tunatarwa a kalandar wayarka, ka ɗauki hoton katin ka ajiye. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 sannan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran alama, domin idan alama ta fito an makara. Kuma duk abin da na faɗa a sama na karen da tsoronsa sananne ne. Idan kare mai lafiya ya canza hali kwatsam, yana cizon abin da ya gani, ko yana dalalar da yawu, ko ya kasa haɗiya, wannan ba maganar horo ba ce. A killace shi, kada a taɓa, a kira likita. Wani lokacin ma ciwo ne kawai, kunne ko haƙori ko ƙafa, ke sa kare faɗa.

Wata biyun da na roƙa sun zama bakwai. Layi na ƙarshe a jadawalin, na safiyar Asabar da ta wuce, yana cewa taku goma sha biyu, karyar dattijo, ya kalla ya waiwayo, ya ci. Da baƙin karnuka har yanzu muna wajen ashirin da biyar, kuma akwai wani jan kare a hanyar kasuwa da ko a taku ɗari Duna ba ya yafe masa, mun daina bi ta nan. Ba na jin zai taɓa zama karen da zai yi wasa da kowa, kuma ba abin da muke nema ke nan ba. Tabon yana nan a hannun ƙanena. Abin wuyan kuma yana cikin akwatin tsoffin caja da wayoyina. Wani ya nemi in sayar masa a rabin kuɗi, na ce ya lalace.